Ranar Yafiya a Gidan Aglaia

Shafi na 17

Ga waɗanda suka same mu a hanya: daga ranar Litinin sashen wanki na asibitin gari zai koma hannun wani kamfani. Doka ta ce ma'aikata suna bin aikinsu zuwa wurin sabon ubangida, da albashinsu da shekarunsu. Kowa a ɗakin wanki ya bi, ban da Tudora. Asibiti ya ce ita ta ɗakin wanki ce, ta nemi kamfani. Kamfani ya ce ba a ganinta a ɗakin wanki, ta nemi asibiti. Yau Lahadi.

*

Kazar ba ta ba ta wahala ba. Tudora ta ritsa ta a bayan itacen girki, ta ɗaure mata ƙafafu da tsumma, ta kwantar da ita a kwando kusa da kwalbar tsuika, giyar da ake haɗawa a gida.

Mijinta Gavril yana kallo daga kujerar bakin taga, inda yake wuni tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Maganarsa a karkace take fita, amma ita ta saba.

"Baƙar?"

"Baƙar."

"Ita kaɗai ke yin ƙwai."

"Shi ya sa."

"Ki kai wa su Aglaia zakaran mana. Ba ya komai sai surutu, kamar mijinta Spiridon. Za su shirya."

Ba ta yi dariya ba. Ta gyara masa bargo, ta matso da kofin ruwa kusa da hannunsa mai aiki.

"Ƙanwarki ta sake kira," in ji shi.

"Na ji."

"Ta ce tsohon nan na Padova bai mutu ba, har yanzu ana neman mai juya shi a gado. Ta ce motar Italiya ranar Alhamis take tashi."

"Na ce na ji, Gavril."

"Ki je ki juya tsohon mutane. Ni zan koyi juya kaina."

"Ba inda za ni. Gobe Nasha Aglaia za ta yi magana, shi ke nan."

Ta ɗauki kwando ta fita, don kada ya ga fuskarta.

*

Lahadin ƙarshe ce kafin babban azumi, saboda haka titi cike yake da masu kwando, kowa ya nufi gidan waɗanda suka riƙe masa kyandir ranar aurensa don neman gafara. Aglaia ce ta riƙe wa Tudora, shi ya sa Tudora ke kiranta Nasha, mijinta kuma Nashu, su kuma suna kiran Tudora fina. Ita ta karɓi ɗanta daga ruwan baftisma. Ita ce kuma shugabar ɗakin wanki, tun kafin a kawo injin guga na yanzu.

Tudora ba ta gama ƙwanƙwasawa ba ƙofa ta buɗe.

"Fina, kin iso."

Tudora ta sunkuya ta sumbaci hannunta. Za ta cire kwat, Aglaia ta riƙe mata kafaɗa.

"Tsaya. Mu fara da na Allah."

Kowace shekara sai an ci an sha, an tashi tafiya, sannan a nemi gafarar juna. Tudora ta lura da canjin, amma ba ta kawo komai ba.

"Ki yafe mini, Nasha."

"Allah ya yafe miki. Ni ma ki yafe mini."

"Allah ya yafe miki."

"Ba haka ba. Ki faɗa da bakinki. Ki ce kin yafe."

"Na yafe, Nasha."

Aglaia ta juya wajen hoton Maryamu da fitilarsa, ta yi alamar gicciye, ta sauke numfashi.

Mijinta Spiridon, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya leƙo daga kicin, kuncinsa ya riga ya yi ja.

"Wa nake gani? Fina da kaza. Ina babban sufeton taga? Har yanzu yana ƙirga masu wucewa?"

"Yana gaishe ka, Nashu. Ya so ya aiko maka da zakara."

"Ɗan banza. Ki ce masa ranar da ya miƙe zan rama."

Ya leƙa kwandon, ya ɗaga fiffiken kazar kamar mai saye a kasuwa, ya ajiye ta a gindin ƙofa. Kwalbar kuwa ya rungume ta ya kai tebur.

An kawo plachinta, wainar fulawa mai cuku, da dafaffen ƙwai. A ɗaki na gaba ana jin muryar Katinka, 'yar Aglaia, tana rabon faɗan yaranta biyu. Ta dawo daga Sifen da su tun da mijinta ya bi wata, uwarta ta samo mata aikin wucin gadi a ɗakin wanki.

Tudora ta gutsiri plachinta don kada a ce ba ta ci ba, ta ajiye.

"Nasha, alfarma na zo nema."

"Yau ba ranar maganar aiki ba ce."

"Gobe kuma ba ni da aikin da za a yi maganarsa. Ilarie na ƙungiyar ma'aikata ya kai ƙara. Gobe da safe jami'ar hukumar ƙwadago za ta zo."

Aglaia ta ci gaba da ɓare ƙwai.

"Ilarie ya cika zaƙewa."

"Ya ce magana ɗaya ake so. Wani mai iko ya ce ni ta ɗakin wanki ce, aro aka ba da ni ga kicin. In aka faɗi haka, dole kamfani ya ɗauke ni da shekaruna. Ke kika kama hannuna kika hau da ni, Nasha. Ke kika ce wa shugabar kicin, ki riƙe mini ita har hannun ya warke."

"An daɗe."

"An daɗe, amma ba a manta ba. Har kwalba kika kai mata."

"Kicin ba za su riƙe ki ba?"

"Sun ce ba su da gurbina. Albashina bai taɓa fita daga wajensu ba. Na fere musu dankali shekara da shekaru, yau sun ce ni baƙuwa ce."

"To, sai mu ga abin da goben za ta kawo."

"Za ki faɗa?"

"In an tambaye ni."

Spiridon ya ajiye ƙaramin kofinsa.

"Ai an tambaye ki."

"Ci abincinka, Spiridon."

"An tambaye ki mana. Mutumin nan na kamfani, Vlase, mai takalmi kamar kwalekwale. Ba a nan ya zauna ba, inda fina take zaune? Ya ce ki faɗa masa wa ke kan wane inji, kika yi ta jero masa, har na ce ya kamata a ba ki aikin kiran jirgi a tasha."

Ba wanda ya yi dariya. Ya dubi matarsa, ya dubi Tudora, sannan ya dubi kofinsa.

Tudora ta ɗora hannuwanta a kan tebur.

"Ya zo nan?"

Aglaia ta ɗauki wani ƙwai.

"Nasha, ya zo nan?"

"Ya zo."

"Da kika iso kan injin guga, sunan wa kika faɗa?"

"Sunan wadda ke tsaye a wurin."

"Katinka."

"Ƙarya kike so in yi? Ita ke tsaye a wurin. Kowa ya shiga ita zai gani."

"Ya tambaye ki ni?"

Aglaia ta share ɓawon ƙwai da gefen hannu, ta tara shi wuri ɗaya.

"Ya ce akwai wata Tudora da asibiti ke cewa tamu ce. Na ce ta koma kicin tun da daɗewa."

"Ta koma."

"Haka na ce."

"Ba aro ba. Ta koma."

"Fina, saurare ni. Kamfanin nan ba asibiti ba ne. Hannu suke ƙirgawa. Mutum ɗaya suke so a bakin injin nan. Kwantiragin Katinka zai ƙare bayan bikin Ista. Vlase ya ce in gurbin babu mai shi, za su tabbatar da ita. In yana da mai shi, ta tafi. Yara biyu, ba uba. Ke da kin zama ni me za ki yi?"

"Da na gaya miki."

"Na so in gaya miki."

"Ranar Juma'a na yi kuka a kafaɗarki a bayan tukunyar tururi. Kika ce mini, su wa suka yi miki wannan rashin imani."

Aglaia ta kawar da kai.

Spiridon ya yi ƙoƙarin miƙewa.

"Bari in duba ko murhu..."

"Zauna, Nashu. Kai ma ka riƙe kyandir ɗin."

Ya zauna.

"Nuna hannunki," in ji Aglaia, muryarta ta koma ta wurin aiki. "Nuna wa Spiridon. Kin manta yadda yake a lokacin? Kamar an daddatsa nama. Likita ya ce kada ki sake taɓa sinadarin wanki. Da na kai maganar ofis, da tuni sun sallame ki, sun ce ba ki da lafiyar aiki. Wa ya rufa miki asiri? Ni. Na ɓoye ki a kicin, kina karɓar albashin wanki ba ki taɓa ruwa ba. Ban taɓa goranta miki ba."

"Na gode. Kowace shekara ina zuwa in gode."

"To ko an mayar da ke, mako nawa za ki yi? Hannun nan ba zai ɗauka ba."

"Bai fi shekara uku ya rage mini in kai fansho ba. Zan yi su ko da guntun hannu."

"Kuma in na ce aro ne, ni fa? Shugaba ta ba da ma'aikaciya aro babu takarda, shekara da shekaru. Ni za su fara kora. Me ya sa ke ba ki nemi takarda ba a lokacin? Da kin nema da na rubuta."

Tudora ta dube ta da kyau, a karo na farko tun shigowarta.

"In nemi takarda a wajenki?"

"Me zai hana?"

"Ke da kika tsaya a bayana a coci? In ce miki, Nasha, maganarki ba ta ishe ni ba, sa mini hannu? Da na faɗi haka, da wane ido zan shigo gidan nan? Da garin nan kaf ya ji cewa Tudora ta nemi shaida a kan Nasharta."

Spiridon ya gyaɗa kai a hankali, sai ya ga idon matarsa, ya daina.

"Akwai hanya," in ji Aglaia. "Na yi magana da Vlase. Ki sa hannu kin ajiye aiki da kanki, cikin mutunci. Ya ce da bazara in aiki ya ƙaru zai neme ki."

"Ilarie ya ce duk wadda ta ajiye da kanta, ta yafe komai. In sun ga dama su ɗauke ta sabuwa, a kan gwaji, kamar yarinya. In ba su ga dama ba, ko gaisuwa."

"Ilarie ba shi zai ciyar da ke ba."

"Vlase ne zai ciyar da ni?"

"To ki je Italiya. Mata nawa suka je? Rabin titin nan. Ki yi shekara biyu ki dawo da abinki. Gavril kuma zan riƙa leƙa shi. Ina ce mu na gida ne."

"Za ki riƙa leƙa shi."

"Kullum, in Allah ya yarda."

"Kin san sau nawa ake juya shi kafin gari ya waye? Kin san ba ya iya haɗiye ƙwaya sai an daka? Kin san yana jin kunyar ko ɗansa ya canza masa wando?"

Ƙofar ɗaki ta motsa. Katinka ce tsaye, ƙaramin yaron a kafaɗarta. Ba a san tun yaushe take nan ba.

"Mama, haka ne? Gurbin Anti Tudora ne?"

"Koma ciki."

"Kin ce mini ita ta nemi canji. Kin ce ta fi son kicin."

"Na ce ki koma ciki."

Ba ta koma ba.

Tudora ta miƙe, ta ɓalla maɓallan kwat ɗinta ɗaya bayan ɗaya.

"Yanzu na gane saurin da kika yi a bakin ƙofa."

"Wane sauri?"

"Kika ce in faɗa da bakina. Kin karɓi yafiyar tun ban san ta mece ce ba."

"Abin da aka faɗa a gaban hoton Maryamu an faɗa, fina. Ba a mayar da shi."

"Shi ba a mayarwa."

Ta je gindin ƙofa, ta sunkuya ta ɗauki kwandon. Kazar ta ɗan yi ƙara, ta lafa.

Spiridon ya miƙe da gaske wannan karon.

"Fina, haba. Ajiye. Tun da nake ban taɓa jin an fita da kwandon ranar yafiya ba. Maƙwabta suna taga."

"Kwalbar taka ce, Nashu. Ka riga ka buɗe."

"In kika fita da kazar nan," in ji Aglaia, "kin san abin da kika yanke."

"Na sani. Ita kaɗai ke yin ƙwai, kuma daga gobe ban san me mijina zai ci ba."

Katinka ta biyo ta har ƙofar waje, babu mayafi, yaron yana ja mata gashi.

"Anti."

Tudora ta tsaya, ba ta juya ba.

"Ni ban sani ba, wallahi."

"Na yarda."

"Amma Anti, yarana biyu."

"Na san su. Ni na ɗinka wa babban rigar makaranta."

Ta wuce. Duk tsawon titin labulaye suna motsi.

*

Gavril ya ga kwandon tun daga taga. Ya ga kan kazar a waje. Da ta shigo ya ce kawai:

"Ki kwance mata ƙafa, ta sha wuya."

Can ya ƙara:

"Aglaia ce ta yi miki wannan?"

"Ita ce."

"In kira ƙanwarki?"

"A'a. Ina tsohuwar rigar aikina, mai shuɗin wuya?"

"Kin shimfiɗa wa kyanwa."

Ta ɗauko ta, ta kakkaɓe gashin, ta wanke, ta shanya a kan murhu.

*

Ranar Litinin, ranar farko ta azumi, Tudora ba ta hau matakalar kicin ba. Ta gangara ƙasa. Mai gadi ya dubi rigar, ya dubi fuskarta, ya kawar da kai.

An riga an liƙa sunan kamfani a ƙofar ɗakin wanki. Matan duka suna cikin sababbin riguna koraye. Hira ta tsaya da ta shigo.

"Tudora, kin ɓata hanya ne? Dankali yana sama," in ji wata.

"Yau azumi, kowa ya fere nasa."

Aka ɗan yi dariya, ba mai ƙarfi ba.

Ta tafi kai tsaye bakin injin guga. Ta zura hannu cikin keken jiƙaƙƙun zannuwan gado, ta jawo ɗaya. Ruwan yana ɗauke da sinadarin da ta sani. Kafin ta gama warware zanin, bayan hannunta ya fara zafi.

Katinka ta iso cikin koriyar riga, idonta a kumbure. Ta tsaya.

"Anti, nan ne wurina."

"Kama wancan bakin."

Katinka ta dubi zanin. Sannan ta kama. Suka ja zanin ya miƙe a tsakaninsu, suka saka wa inji, suka ɗauki na gaba. Ba wadda ta dubi wata. A zani na huɗu ko na biyar fatar yatsun Tudora ta tsage a tsohon wurinta, ɗigon jini ya sauka a kan farin yadi.

Ƙofa ta buɗe. Aglaia ce a gaba, maɓallan ɗaki a hannunta. Vlase yana biye da ita, sai Ilarie, sai wata mata mai tabarau da jaka a hammata. Wani ya kashe babban inji. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa.

Vlase ya nuna Tudora da haɓa.

"Wannan ba tamu ba ce. Ban san wa ya bar ta ta shigo ba."

"Ban tambaye ka ba tukuna," in ji mai tabarau. Ta matso bakin injin, ta dubi jinin, ta dubi matan biyu da zanin a tsakaninsu, sannan ta juya ga Aglaia.

"Ke ce shugaba a nan?"

"Ni ce."

"An ce mini gurbi ɗaya ne a bakin wannan injin. Ina ganin mutum biyu. Abin da za ki faɗa zan rubuta, kuma za ki sa hannu a ƙasa. Gurbin na wace ce?"

Aglaia ta dubi 'yarta. Ta dubi hannun Tudora. Ta damƙe maɓallan a hannunta.

"Ranki ya daɗe, gaskiyar magana..."

Katinka ta saki nata bakin zanin, ya faɗi cikin ruwan ƙasa.

"Kada ki tambayi Mama," in ji ta. "Ni za ki tambaya."